Hunturu A Bakin Gulbin Rima: Ina Gaiwa, Ina Shamuwa?

Duk wanda ya taɓa yin sammako a birnin Sakkwato tsakanin Kirsimeti da ƙarshen watan Janairu ya san abin da ake kira hunturu. Gari ya waye fari fat da hazo, rana ta fito ba ta da ƙarfin da za ta hana ka kallonta, leɓe ya tsage, faso ya kama diddige, teburin mai shayi ya cika maƙil, tsofaffi kuwa suna ƙofar gida suna jin ɗumi da karan dawa. Mu 'yan Adam muna da bargo da man kaɗe da kunu mai zafi. To, amma ko mai karatu ya taɓa tsayawa a kan gadar Kwalkwalawa, a hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya dubi fadama, ya tambayi kansa inda halittun da suka cika wurin da damina suka shiga? A watan Agusta kukan kwaɗi ba ya barin mutum barci, bado ya rufe ruwa, shamuwa na kai da kawowa. A watan Janairu sai ka rantse ba a taɓa yinsu ba.

A ƙasashen Turai, idan an ce lokacin sanyi, maganar ƙanƙara ake yi: ruwan bakin teku da na fadamu ya daskare, ƙwari su ɓace, tsiro ya daina girma. Mu nan ba mu da teku, ba mu da ƙanƙara. Bakin ruwanmu shi ne gaɓar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, waɗanda suke haɗuwa daf da birni, su nufi Argungu da Birnin Kebbi har su faɗa cikin Kwara. Sanyin namu kuma, duk da ƙorafin da muke yi, ba wani abin kisa ba ne ga itace ko kifi. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka zuwa wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka, amma kafin azahar ya haye 30. Abin da ke kashewa a hunturunmu shi ne bushewa. Ruwan sama na shekara duka, watau wajen milimita 600 zuwa 700, yakan zuba ne cikin wata huɗu kacal, daga Yuni zuwa Satumba. Daga nan sai iskar arewa maso gabas ta taso daga Sahara ba ta ɗauke da laima ko kaɗan, ta yi ta lasar ƙasa. Uwargida ta shaida wannan, domin zanen da ta shanya ba ya minti talatin sai ya bushe ƙamas. Abin da iskar ta yi wa zanen nan, shi take yi wa tafki.

Wani abin mamaki, ita kanta ƙurar da ke shiga mana ido, yawancinta daga gindin wani mataccen tafki take fitowa. A arewacin ƙasar Chadi, fiye da kilomita 1,000 daga nan, akwai wani kwari da ake kira Bodele. Shekaru dubbai da suka wuce ruwan Tafkin Chadi ya kai har can. Da ruwan ya janye, sai ya bar farar ƙasa mai laushi, wadda akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani. Ita ce iska ke kwasowa ta watsa mana, har ma ta tsallake teku da ita zuwa dazukan Amurka ta Kudu. Ba ɓarna kaɗai take yi ba, tana ɗauke da ɗan abin da ƙasa ke buƙata, saboda haka inda ta sauka ta zama ɗan taki.

Bari mu fara da gaiwa, domin a ganina duk cikin halittun fadama babu mai dabararta. Gaiwa kifi ce, amma tana da huhu, iska take shaƙa kamar ni da kai. Hasali ma idan aka hana ta leƙowa saman ruwa sai ta mutu. Da damina tana cikin ciyayin ruwa tana cin katantanwa da ƙananan kifaye da kwaɗi, namijin kuwa shi ke gadin ƙwai a cikin ramin da aka yi musu. Idan ruwan tafki ya soma janyewa, sauran kifaye suna ta gudun neman zurfi, ita sai ta yi ƙasa. Ta haƙa rami cikin laka da bakinta, zurfin kamar kamu guda, ta naɗe jikinta ta rufe fuska da wutsiya, bakinta yana duban sama. Jikinta ya yi ta fitar da yauƙi, yauƙin nan ya bushe ya zama kamar 'yar jakar fata ta lulluɓe ta duka, sai wata 'yar ƙofa da ta bari daidai baki don numfashi. Laka ta bushe a kanta ta tsattsage, shanu su bi ta kai, manomi ya zo ya yi lambu a gefe, tana nan.

Me take ci a ciki? Hausawa sun riga masana ba da amsa, tun da sun daɗe suna cewa gaiwa jikinta take ci. Gaskiya ne, illa dai ba da haƙori take ci ba. Bugun zuciyarta da numfashinta suna raguwa ƙwarai, har abin da take buƙata don rayuwa ya zama ɗan kaɗan, wannan ɗan kaɗan ɗin kuwa daga tsokar jikinta take narkar da shi. Akwai wata matsala kuma. Kifi a cikin ruwa yana zubar da dattin jikinsa kai tsaye, ruwa ya tafi da shi. Gaiwa a cikin rami ba ta da inda za ta zubar, kuma dattin nan dafi ne. Sai jikinta ya juya shi ya zama yuriya, watau irin sinadarin nan da ke cikin buhun takin zamani, wanda bai kai wancan dafi ba, ta tara shi a jika har ranar da ruwa zai dawo ta wanke. A fadama wata shida ko bakwai take yi a haka. A ɗakunan bincike an ajiye wasu cikin busasshiyar laka sun shekara uku ko fiye, aka zuba musu ruwa suka farka. Abokin gabanta guda shi ne mai fartanya, wanda ya san 'yar ƙofar nan ta numfashi, ya bi fadama yana tono. Wanda ya tono ɗaya ko biyu don miya bai yi laifi ba. Wanda ya tashi sai ya ƙwaƙule tafki duka, ya cinye irin baɗi ke nan.

Tarwaɗa ita ma tana da nata. A bayan kanta akwai wata tsoka mai rassa da ke ba ta damar shaƙar iska, shi ya sa za ka same ta da rai a cikin taɓon da karfasa ta daɗe da mutuwa, shi ya sa kuma take daɗewa a daron mai sayarwa a kasuwa. Idan ƙasa na da danshi tana iya jan ciki da dare daga wannan kududdufi zuwa wancan. Karfasa da kurungu da giwan ruwa ba su da wannan baiwa. Nasu dai su lura da janyewar ruwa, su koma cikin gulbi ko gurbi mai zurfi tun hanya ba ta yanke ba. Wanda ya makara ya zama rabon zalɓe da balbela da yaran unguwa.

Kwaɗi kuwa ƙasa suke shiga. Wasu irinsu, in sun binne kansu, sai su yi ta saɓar fata ba tare da sun yar da ita ba, har ta zama musu riga mai hana ruwan jiki fita. Wasu su laɓe a ƙarƙashin randa ko bakin rijiya. Guza da maciji da kififiya ba su da ɗumin jiki na kansu, daga rana suke aro, saboda haka hunturu yana sa su kasala. Dubi ƙadangaren gidanka: da bazara tun da sassafe yana kan katanga yana gyaɗa kai, yanzu kuwa sai hantsi ya dubi ludayi zai fito ya baje a rana, ya daɗe kafin ya iya bin ƙwaro.

Akwai wata mai irin wannan dabara da ya kamata iyaye su sani. 'Yar ƙaramar katantanwar ruwa da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, watau fitsarin jini, ita ma tana iya shiga laka ta jira damina. Kafin tafki ya ƙafe kuwa, ruwan ya ragu, katantanwa ta taru wuri guda, daidai lokacin da yara ke shiga kamun kifi da wanka. Ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa, asibiti ya kamata a kai shi, akwai magani. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗi.

Mu koma kan tsirrai. Ganyen bado da furensa suna mutuwa idan ruwa ya tafi, amma ransa yana cikin wani dunƙule kamar gwaza da ke binne a laka, cike da abinci. Shi ya sa a shekarun yunwa mutanen bakin gulbi suka riƙa tonon bado suna ci, har da 'ya'yansa. Kainuwa, wadda ake yi wa kirari da dashen Allah don ba ta da saiwa a ƙasa, ba ta da irin wannan rumbu. Ta bushe ta zama yayi, abin da zai ta da ita baɗi shi ne irin da ta zubar da 'yan tsirarun da suka tsira a ruwa mai zurfi. Jema kuwa, wadda ake yanka don zana da jinka, saiwarta ta nutse ƙasa sosai, ko wuta ta cinye ta sai ka ga sabon toho bayan 'yan kwanaki. Giyayya ta fi su haƙuri duka: da damina ta tsaya cikin ruwa har ƙugu wata da watanni, da rani ta tsaya a busasshiyar laka, ba ta kaura ba ta mutu.

Da ka hau tudu kaɗan daga fadama sai ka ga itatuwa biyu da suka saɓa wa juna. Kuka ta zubar da ganyenta tas da shigowar hunturu, domin ta ganye itace ke asarar ruwa, ta zauna tsirara tana tattalin ruwan da ta adana a cikin ƙaton jikinta. Gawo shi kuma sai ya yi akasin haka. Da damina, lokacin da kowa ke kore, shi ya kaɗe ganye ya tsaya fari kamar matacce. Da kaka ya yi toho, ya yi fure, cikin tsakiyar hunturu yana nan kore shar, daga baya ya zubo da 'ya'ya, awaki da tumaki da shanu su yi ta rububi. Asirinsa doguwar saiwa ce da ke kaiwa ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, saboda haka bai damu da ruwan sama ba. Manomi ya ci riba biyu: da damina gawo ba ya yi wa gero inuwa, da rani dabbobi su taru a gindinsa su bar taki, ga kuma ganyensa da ke gyara ƙasa. Duk wanda ya lura ya san geron gindin gawo ya fi na fili.

Wannan rai da ke ɓoye a cikin saiwa shi ne abin da wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura da shi a ƙasar Maraɗi a 1983. Dashen itatuwa ya ƙi yi, sai ya gane cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara wajen sassabe toho ne na kututturan manyan itatuwa da ke da rai a ƙasa. Aka fara barin reshe ɗaya ko biyu a kowane kututture ana gyara shi. Abin da ake kira sassabin zamani ke nan, kuma an ƙiyasta ya mai da itatuwa wajen miliyan 200 a gonakin Jamhuriyar Nijar.

Sai tsuntsaye, waɗanda su ne suka fara cin rani tun kafin mutanen Sakkwato su san hanyar kudu. Shamuwa da ke sheƙa a kan tsamiya da kuka a cikin gari, wadda zuwanta ke sa manomi ya gyara fartanya, ba ta jiran hunturu. Fara da ƙwari take ci, da zarar sun ragu da kaka sai ta kwashi 'ya'yanta ta bi damina zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda ruwa ke sauka lokacin da mu muke rani. Tana fita, baƙi na shigowa. Daga Satumba zuwa Nuwamba tsuntsaye miliyoyi ke barin fadamu da bakin tekun Turai da Rasha saboda ƙanƙara, su tsallake Bahar Rum da Sahara, ruwan farko da za su tarar kuwa shi ne na irin ƙasarmu: kogin Senegal, fadamun Kwara a Mali, Tafkin Chadi, fadamar Haɗeja da Nguru, da namu na Rima da Tafkin Kware. Akwai ƙananan agwagi da ke sauka cikin kirinjijiya da ɗinya, akwai masu dogayen ƙafafu da ke tsintar shinkafar da ta zuba a gona bayan girbi, akwai ɗan tsuntsun nan mai ruwan ɗorawa a ciki da ke bin ƙafar shanu yana kaɗa jela. Abin da muke kira sanyi, su wurinsu hutu ne.

An daɗe a Turai ba a san inda suke zuwa ba, har wasu masana na da suna cewa wai cikin laka suke shiga, kamar dai gaiwarmu. A 1822, kusa da wani gari mai suna Klutz a arewacin Jamus, aka harbo wata babbar farar shamuwa mai jan baki, sai ga wani mashi na Afirka, tsawonsa wajen santimita 80, soke a wuyanta. Da shi ta yi tafiyar nan duka. Har yanzu tana ajiye a Jami'ar Rostok. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna Annabi Irmiya, a sura ta 8 aya ta 7, ya yi misali da shamuwa wajen sanin lokacin tafiya. Irin waɗannan farare ne ke ratsa sararin ƙasar tasa sau biyu a shekara, a hanyarsu ta zuwa Afirka da komawa.

Abin da ya sami fadamarmu, can ma sai an ji shi. A 1968 damina ta gaza a ƙasashen bakin Sahara. Da bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da ya cika shingayen gonakinsu, ya ragu da wajen kashi biyu cikin uku, ko ma fiye. Sai daga baya aka gano a nan ƙasashenmu suka mutu, don ba su sami abin da za su ci su yi ƙibar tsallake hamada ba. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙara yi musu illa.

To, duk dabarun nan da muka zana, na mai shiga laka da na mai tafiya da na baƙon da ke zuwa, a kan abu guda suka rataya: ambaliya ta zo a kan lokacinta, ta rufe fadama, sa'an nan ta janye sannu a hankali. A cikin ruwan da ya malala kan ciyawa kifi ke haihuwa ya girma. Shi ke jiƙa ƙasar da za ta riƙe gaiwa da bado, shi ke cika rijiyoyin masu lambun albasa, shi ke ɗaukar shinkafar gargajiya mai tsawo tare da ruwa. Tsarin nan kuwa ya canja. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara a 1978, aka gama ta Goronyo a kan Rima a 1984. Ba mai musun amfaninsu. Daga Goronyo ake sako ruwan da birnin Sakkwato ke sha da rani, noman rani kuma ya ciyar da gidaje da yawa. Amma wani masani ɗan Ingila, William Adams, wanda ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori cikin shekarun 1980, ya tarar ambaliya ta ragu, manoma da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, noman lambu ya ja baya, kifi ya yi ƙaranci. Ruwan da ya zo da yawa a lokaci guda shi ma masifa ne, kamar yadda muka gani a watan Satumba na 2010, lokacin da ambaliya ta cinye ƙauyuka ta yanke hanyar jami'a.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, ita kanta bushewar tana da aiki. A fadamar Haɗeja da Nguru, bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, wasu wurare sun daina ƙafewa gaba ɗaya. Sai kachalla, wadda a da rani ke taka mata birki, ta mamaye su, ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana masunta jefa koma, ta kuma zama maɓoyar jan baki, tsuntsun nan da ke gama gonar shinkafa cikin yini guda. Ina ganin masu sakin ruwa a Goronyo da Bakolori suna da darasi a nan, domin kwanan watan da aka buɗe ƙofa da yawan abin da aka sako sun shafi abin da ya wuce famfo da injin ban ruwa.

Kakanninmu na bakin gulbi sun san da wannan, ko da yake ba su rubuta shi ba. Tafki yana da Sarkin Ruwa, ba mai jefa homa sai ranar da ya buɗe su, kowa ya shigo da gorarsa a yi rana ɗaya ko biyu a tashi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, a kan wannan doka ya ginu: ana hana su a Matan Fada har ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Inda dokar ta mutu, sai ka ga ana tace kududdufi da gidan sauro, wasu ma har da zuba maganin ƙwari, a kwashe uwa da 'ya'ya, a bar zalɓe yana tsaye a bakin ruwan da ba komai a ciki.

Daga ƙarshen Fabrairu hazo zai soma washewa, bargo ya koma cikin akwati. Ga halittun fadama a nan wahalar take farawa, domin zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, sauran ruwan da hunturu ya bari ya tafi. A daidai lokacin ƙananan baƙin nan, waɗanda nauyin wasunsu bai fi giram 12 ba, za su duƙufa cin ƙwari da 'ya'yan itace har nauyinsu ya kusa ninkawa, wata rana da magariba su tashi su nufi arewa, da hamada ta fiye da kilomita 1,500 a gabansu. Shamuwa za ta sauko kan tsamiya wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu. Gaiwa kuwa da sauranta, sai ruwa ya kwanta a kan tafkin ya ratsa laka ya jiƙa jakar nan, sa'an nan za ta motsa.